Frank Cole: Malamin lissafin da ya gabatar da lacca ba tare da ya ce uffan ba

A ranar 31 ga watan Oktoban 1903, a wani taron Ƙungiyar Masana Lissafi ta Amurka a birnin New York, aka kira Farfesa Frank Nelson Cole ya gabatar da maƙalarsa. Ya tashi ya nufi allo, ya ɗauki alli, ya shiga ninka 2 da kanta har sau 67, sannan ya cire 1. Abin da ya fito shi ne 147,573,952,589,676,412,927.

Sai ya koma ɗaya gefen allon, ya rubuta 193,707,721 sau 761,838,257,287, ya yi lissafin da hannu. Amsa ta zo daidai da ta farko. Ya ajiye alli ya koma kujerarsa, zauren ya ɗauki tafi. Haka marubuci Eric Temple Bell ya ba da labarin shekaru da dama bayan haka, ko da yake an san Bell da ƙara wa miya gishiri.

Dalilin tafin yana da tsohon tarihi. Tun a 1644 wani malamin coci Bafaranshe, Marin Mersenne, ya saka wannan lamba a jerin lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, irin su 7 da 31. A 1876 wani Bafaranshen, Édouard Lucas, ya nuna cewa Mersenne ya yi kuskure, lambar tana rabuwa. To amma da me? Hanyar Lucas ba ta faɗi wannan ba.

Lambar mara ce, don haka 2 ba ta raba ta. Haka ma 3 da 5 da 7. Masana sun san cewa duk lambar da za ta raba ta, sai ta kasance an ninka 134 an ƙara 1. Wannan ya rage aiki, amma ko da haka, wanda zai bi su ɗaya bayan ɗaya sai ya wuce lambobi sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu kafin ya kai ga ta farko. Cole ya yi dabarun tace su, da takarda da alƙalami kawai. A cewar Bell, aikin ya cinye masa ranakun Lahadi na shekara uku. Yau wayar hannu za ta gama shi kafin a kurɓi shayi, sai dai har yanzu wahalar raba lambobin da suka fi wannan girma nesa ba kusa ba tana cikin abubuwan da ke tsare sirri a intanet.

An haifi Cole a 1861 a garin Ashland na jihar Massachusetts. Ya kammala Jami'ar Harvard a 1882, ya tafi Jamus ya yi karatu a wajen Felix Klein, ya koyar a Michigan, sannan ya koma Jami'ar Columbia a 1895. Ya shafe kusan shekara 25 yana sakataren ƙungiyar masana lissafin. Da ya sauka a 1920, abokan aiki suka tara masa kuɗi, shi kuwa ya mayar wa ƙungiyar, aka kafa lambar yabo da sunansa wadda ake bayarwa har yau.

Ƙarshen rayuwarsa ya ba mutane mamaki. Ya rabu da iyalinsa, ya kama ɗakin haya yana amfani da sunan Edward Mitchell, maƙwabta suna ɗaukarsa akawu ne. Ya rasu a New York ranar 26 ga watan Mayun 1926, yana da shekara 64.