Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'Yancin Faɗar Gaskiya

Yawancin abin da aka rubuta a kan Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fi mayar da hankali ga yaƙe-yaƙen jihadi da kafuwar Daular Sakkwato. Amma kafin a zare takobi, Shehu ya shafe shekara talatin yana wa'azi, kuma abin da ya fara haɗa shi da sarakunan Gobir shi ne izinin yin magana a bainar jama'a. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa ta wannan fuska.

An haifi Shehu a Maratta cikin ƙasar Gobir a watan Disamba na 1754, daga zuriyar Toronkawa, ya kuwa tashi a Ɗegel. Ya karanci Alƙur'ani wurin mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, sa'an nan ya ɗauki ilimi daga malamai da dama, cikinsu har da Usmanu Binduri da Malam Jibrila ɗan Umaru, wanda ya zauna da shi a Agadas. Malam Jibrila mutum ne mai zafin wa'azi, ya kuma sha wuya a hannun masu mulki saboda haka. Tun daga nan almajirinsa ya ga irin tsadar da gaskiya take da ita.

Wajen 1774, yana ɗan shekara ashirin, Shehu ya fara wa'azi. Ya zaga Kabi, ya kuma yi kamar shekara biyar a Zamfara, yana karantar da talakawa da Hausa da Fulatanci, cikin zance da waƙa. Bai hana mata halartar majalisinsa ba, abin da ya jawo masa suka daga wasu malamai. Haka kuma ya yi jayayya da malaman da suke kafirta talakawa don ba su iya hujjojin ilimin tauhidi ba. Da alƙalami aka yi waɗannan muhawarori.

Shekarar 1788 ita ce mafi muhimmanci ga batunmu. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Babbar Salla, ya raba musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda aka tsare, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Ya kamata mai nazari ya lura da buƙata ta biyu, domin ta nuna Shehu ya gane cewa barin mai magana ya yi magana ba shi da amfani muddin an tsare masu sauraro.

Sai dai izinin da ya rataya ga yardar sarki guda, mutuwar sarkin kan tafi da shi. Da Jama'a ta yi yawa, Sarki Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa cewa ba wanda zai yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Dabarar a fili take: an bar wa malamin bakinsa, an rufe na almajiransa. Zamanin Yunfa al'amari ya ƙara ƙamari, musamman bayan da aka kai wa mutanen Malam Abdussalami hari a Gimbana. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, Alƙalawa kuwa ta faɗi a 1808.

A nan ne kwatanci da masana falsafar Turai masu ra'ayin 'yancin mutum yake da amfani. John Stuart Mill na Ingila, cikin littafinsa kan 'yanci na 1859, ya kafa hujja cewa ra'ayin da aka danne yana iya zama gaskiya, ko ya ƙunshi wani yanki nata, in ma kuskure ne, karo da shi yakan sa gaskiya ta ƙara fitowa. Iyakar da ya sa ita ce cutar da wani. Tushen Shehu daban yake. A wurinsa faɗar gaskiya wajibi ne na umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna, iyakarta kuwa Shari'a. Bai nemi 'yanci ga kowane ra'ayi ba, ya ma yi hani ga bori da wasu al'adu. Inda suka haɗu shi ne cewa mai mulki ba shi da ikon toshe bakin mai yi masa gyara.

Babban gwaji ya zo bayan nasara, sa'ad da waɗanda aka hana magana jiya suka zama masu iko. Ƙanen Shehu, Malam Abdullahi, ya ga son duniya ya shigi wasu shugabannin Jama'a, ya bar su a 1807 ya nufi gabas, har ya tsaya Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami. Ya dawo, aka kuma danƙa masa yammacin daula a 1812, bai kuwa ɓoye sukarsa ba cikin Tazyinul Waraƙati. Daga Barno, Shehu Muhammadu Al-Kanemi ya rubuto wasiƙu yana ƙalubalantar halascin yaƙar ƙasarsa. Muhammadu Bello ya amsa masa, ya kuma shigar da hujjojin abokin jayayyar tasa cikin Infaƙul Maisuri, shi ya sa har yau muke iya karanta su. Shehu da kansa, a shekarun zamansa na Sifawa, ya yi rubutu yana jan hankalin almajirai da su daina tsanantawa a kan abin da malamai suka saɓa. Duk da haka ba kowane saɓani ne ya ƙare a takarda ba, gama Abdussalami, wanda don mutanensa aka fara rikici da Yunfa, ya yi wa Bello tawaye bayan rasuwar Shehu, aka kuwa murƙushe shi da yaƙi.

A 1815 Shehu ya koma Sakkwato, birnin da Bello ya yi wa ganuwa, wanda Ƙofar Rini take ɗaya daga cikin ƙofofinsa. A nan Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilu na 1817, Hubbarensa kuwa yana cikin garin. Ya bar littattafai fiye da ɗari da waƙoƙi masu yawa. Ga ɗalibin adabin Hausa, tarihin nan yana nuna cewa waƙoƙin wa'azi da muke nazarin ma'auninsu da amsa-amonsu sun yaɗu ne a zamanin da yin wa'azi kansa ya zama laifi ga doka, kuma waɗanda suka haddace su suka rera sun yi haka ne bisa kasada. Allah ya jiƙan Shehu da rahama, amin.