Abul Faraji Al'isfahani, Mai Babban Littafin Waƙoƙi

Waƙa aba ce mai saurin salwanta. Da zarar mawaƙi ya rufe baki, kuma waɗanda suka saurare shi suka ƙaura, sai a wayi gari ba a san wanda ya tsara baitocin ba, balle wanda ya ɗora musu murya. A cikin malaman da suka tsaya tsayin daka don kada hakan ta sami waƙoƙin Larabawa, babu wanda ya kai Abul Faraji Al'isfahani, marubucin Kitabul Agani, wato Littafin Waƙoƙi. Fiye da shekara dubu ke nan da rasuwarsa, amma duk mai son sanin tarihin kiɗa da waƙa na ƙarnonin farko na Musulunci, a wurinsa yake fara yada zango.

Asalinsa da karatunsa

Sunansa na yanka Aliyu ɗan Husaini, Abul Faraji kuwa alkunya ce. An haife shi a shekarar 897 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 284 ta Hijira. Ana danganta shi da birnin Isfahan na ƙasar Farisa, amma shi Balarabe ne Baƙuraishe, kuma a Iraƙi ya girma. Jininsa na Banu Umayya ne, gidan sarautar da Abbasiyawa suka tumɓuke a shekarar 750. Bayan faɗuwar mulkinsu, kakanninsa sun koma aikin alƙalami, har wasu daga cikin danginsa suka zama magatakarda a fadar Abbasiyawa da ke Samarra. Ya tashi ke nan a gidan da ake hira a kan mawaƙa da fadawa da wazirai, kuma daga baya ya ruwaito labarai da dama daga bakin baffansa.

Ya yi karatu a Kufa, sannan ya zauna a Bagadaza, wadda a lokacin ita ce cibiyar ilmi. Ya ɗauki lugga da waƙoƙin da daga Ibnu Duraidu, ya ɗauki nahawu daga irin su Nifɗawaihi da Ibnul Anbari, ya kuma ruwaito tarihi daga Imamu Ɗabari. Sai dai bai tsaya ga zauren malamai kaɗai ba. Ya zauna da Jahaza Albarmaki, wanda mawaƙi ne kuma gwanin kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake kira ɗumbur, ya ji sirrin sana'ar daga bakin masu ita. Wannan haɗin gambiza na ilmin zaure da ilmin makaɗa shi ya bambanta shi da tsararrakinsa. Waɗanda suka yi zamani da shi, kamar Alƙali Tanuhi, sun shaide shi da ƙarfin hadda a fannin waƙa da tarihi da nasaba, tare da taɓa ilmin likitanci da na taurari.

Wani abin mamaki game da shi shi ne, ko da yake jikan Banu Umayya ne, ra'ayinsa ya karkata ga Shi'a Zaidiyya. A shekarar 925, yana da shekara 28, ya rubuta Maƙatiluɗ Ɗalibiyyina, inda ya tattara labarin zuriyar Abu Ɗalib da aka kashe ko suka mutu a kurkuku, tun daga Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib har zuwa zamaninsa. Da yawa daga cikinsu a hannun danginsa suka halaka, amma hakan bai sa ya ɓoye ba.

Zamansa a fada

A shekarar 945 Buwaihawa suka shiga Bagadaza, suka karɓe ikon gudanar da mulki, suka bar wa halifa suna kawai. Wazirin Mu'izzud Daula, wato Almuhallabi, mutum ne mai ƙaunar adabi, majalisarsa kuma kullum cike take da malamai da mawaƙa. Abul Faraji ya zama abokin hirarsa, yana yi masa waƙar yabo, shi kuma yana ɗaukar nauyinsa. An ruwaito cewa Abul Faraji ba ya kula da tsabtar tufafinsa, har yakan daɗe da riga ɗaya ba a wanke ba, alhali wazirin an san shi da ƙyanƙyami a wurin cin abinci. Duk da haka ya jure zama da shi saboda zaƙin hirarsa da yalwar saninsa. Wasu kuma suna girmama shi ne don tsoron harshensa, domin ya iya zambo.

Dalilin wallafa littafin

Tushen Kitabul Agani ya girmi marubucinsa. Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, ya umarci manyan mawaƙan fadarsa uku, Ibrahim Almausili da Ibnu Jami'u da Fulaihu, su zaɓo masa waƙoƙi 100 da suka fi kowaɗanne daɗi. Daga baya Is'haƙu Almausili, ɗan Ibrahim, ya sake tace wannan zaɓi domin Halifa Alwasiƙu. Is'haƙu ya rasu a shekarar 850, kuma a zamanin Abul Faraji akwai wani littafin waƙoƙi da yake yawo a kasuwa da sunansa. Bincike ya nuna cewa mafi yawansa ƙage ne, wani mai sana'ar kwafe littattafai ne ya harhaɗa shi ya jingina masa, cike da kurakurai wajen danganta waƙoƙi ga masu su. Wani babban mutum ya nemi Abul Faraji ya gyara wannan ɓarna ta hanyar wallafa ingantaccen littafi. An ruwaito cewa aikin ya ci masa shekara 50.

Ya kasa littafin kashi uku. Kashi na farko ya ƙunshi waƙoƙin nan da aka zaɓa wa halifa. Na biyu ya ƙunshi waƙoƙin da halifofi da 'ya'yansu suka ɗora wa murya, domin a cikin gidan sarauta ma akwai gwanaye, irin su Ibrahim ɗan Almahadi da 'yar'uwarsa Ulayya. Na uku, wanda ya fi sauran girma, zaɓin marubucin ne da kansa.

Yadda yake aiki

A al'adar Larabawa ta wancan zamani, sau da yawa mai tsara baitoci daban ne, mai ɗora musu karin murya ya rera kuma daban. Saboda haka Abul Faraji yakan fara da kawo baitocin da ake rerawa, sai ya faɗi wanda ya tsara su, sannan ya faɗi wanda ya yi musu kari. Bayan haka sai ya bayyana nau'in bugun kiɗan, ko mai nauyi ne, ko marar nauyi, ko wanda ake kira ramal, ko hazaj. Yakan kuma ambaci yatsan da ake danne tsirkiya da shi a jikin udu, wato molon Larabawa, ko manuniya, ko na tsakiya, ko mai bi masa, bisa tsarin da Is'haƙu ya shimfiɗa. Idan ya gama wannan, sai ya buɗe babin tarihin mai baitocin da na mai karin: nasabarsu, da malamansu, da sarakunan da suka yi wa waƙa, da kyautar da suka samu, da abin da ya haddasa waƙar.

Waƙoƙi ukun da littafin ya buɗe da su sun isa misali. Ta farko baitocin Abu Ƙaɗifa ne, karin kuma na Ma'abadu, mawaƙin Madina. Ta biyu baitocin Umaru ɗan Abu Rabi'a ne, karin na Ibnu Suraiju, mawaƙin Makka. Ta uku baitocin Nusaibu ne, baƙar fata wanda ya fito daga bauta ya zama mawaƙin halifofi, karin kuma na Ibnu Muhrizu. Ta dalilin 'yan baitoci kaɗan, mai karatu zai shiga Makka da Madina na ƙarnin farko na Hijira, ya ga yadda mutanensu suke rayuwa.

Babban abin da ya ɗaukaka aikin shi ne, marubucin ya ari hanyar malaman hadisi ya yi wa waƙa hidima da ita. Kusan kowane labari yana tafe da isnadinsa, wane ya ji daga wane har zuwa ga wanda ya gani da idonsa. Idan ruwayoyi suka saɓa, sai ya jera su gefe da gefe, wani lokaci ya rinjayar da ɗaya, wani lokaci ya fito fili ya ce wannan ƙagagge ne. Ya sha sukar Ibnu Hurdazbihi da rashin tantance abin da yake rubutawa a kan waƙa. Ko a babin Majnunu Laila, kafin ya ba da labarin soyayyar, sai da ya kawo maganar waɗanda suke ganin ba a taɓa yin wani mutum mai wannan suna ba.

Abin da littafin ya adana

Da wannan hanya littafin ya tattara tarihin kusan ƙarni huɗu, daga Jahiliyya zuwa ƙarshen ƙarni na 9. A cikinsa akwai yaƙoƙin ƙabilun Larabawa, da labarin Imru'ul Ƙaisi da Antara da Hansa'u, da zambon da Jariru da Farazdaƙu suka yi ta yi wa juna. Akwai labarin Ibnu Misjahu, baƙar fata mazaunin Makka, wanda ya ji magina Farisawa suna waƙa a bakin aiki, ya ɗauki karinsu ya daidaita shi da baitocin Larabci. Akwai mata mawaƙa, irin su Jamila da Azzatul Maila'u a Madina, da Aribu a fadar Abbasiyawa, waɗanda da yawansu kuyangi ne ko 'yantattu, kuma ba don wannan littafi ba da kaɗan ne za a sani game da su. Har ila yau ya adana muhawarar da ta raba kan makaɗan Bagadaza, tsakanin Is'haƙu mai riƙo da salon magabata sau da ƙafa, da Ibrahim ɗan Almahadi mai ganin yana da ikon sassauta tsohon kari yadda ya dace da muryarsa. Abul Faraji ya fi karkata ga Is'haƙu, domin yana ganin sauye-sauyen nan ne suke shafe asalin waƙoƙin.

Yabo da suka

Littafin ya yi suna tun marubucinsa yana raye. An ruwaito cewa Alhakamu na Biyu, halifan Ƙurɗuba a Andalus, wanda shi ma jinin Banu Umayya ne, ya aika masa da dinari 1,000 don ya sami kwafi. An kuma ce waziri Sahibu ɗan Abbadu yakan yi tafiya da raƙuma 30 ɗauke da littattafai, amma da ya sami Agani sai ya wadatu da shi. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya ɗauke shi a matsayin taskar da ta tattara kyawawan abubuwan Larabawa da suka warwatsu.

Masu suka ma ba su yi shiru ba. Wasu malamai sun zarge shi da sayen littattafai a kasuwa yana ruwaito abin da ke cikinsu kamar daga bakin malami ya ji. Ibnul Jauzi da wasunsa sun ƙi amincewa da shi saboda yawan labaran giya da batsa da ke cikin littafin. Gaskiya ne cewa isnadi ba ya mayar da tatsuniya ta zama tarihi, kuma littafin ya fi haska rayuwar fada da wuraren shaƙatawa a kan rayuwar talakawa da ta masu zuhudu. Saboda haka masana tarihi suke karanta shi da lura, suna auna labaransa da na wasu.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Almuhallabi ya rasu a shekarar 963, Abul Faraji ya rasa babban majiɓincinsa. A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da shanyewar jiki da ruɗewar tunani. Mafi yawan marubuta sun ce ya rasu a Bagadaza a shekarar 967, ko da yake Yaƙutu Alhamawi ya lura da wata shaida da ke nuna ya ƙara wasu 'yan shekaru bayan haka. Yaƙutu ya kuma lura cewa akwai babukan da marubucin ya yi alkawarin kawowa amma ba a same su ba, kamar na Abu Nuwasu.

Littafin ya tsira daga ƙarni zuwa ƙarni. A tsakanin 1217 da 1219 an kwafe shi cikin juzu'i 20 masu zane domin Badaruddini Lu'ulu'u na Mausil. Ibnu Wasilu da Ibnu Manzuru, mai ƙamusun Lisanul Arab, kowannensu ya taƙaita shi. An buga shi a maɗaba'ar Bulaƙ ta Masar a 1868 cikin juzu'i 20, sannan aka ƙara juzu'i na 21 a birnin Leiden a 1888. Bugun da Darul Kutub ta Alƙahira ta fara a 1927 ya kammala a 1974 cikin juzu'i 24. A cikin masanan Turai, Henry George Farmer ya dogara da shi ƙwarai a littafinsa na tarihin kiɗan Larabawa na 1929, Hilary Kilpatrick kuma ta fitar da cikakken nazari a kan tsarinsa a 2003.

Abu ɗaya ne Abul Faraji bai iya cetowa ba, wato sautin kansa. Bayanin bugu da na yatsa ya ishi wanda ya riga ya san waƙar ya tuna ta, amma bai ishi wanda bai taɓa jin ta ba ya rera ta. Shi ya sa a yau babu mai iya rera karin Ma'abadu ko na Aribu kamar yadda suka rera. Amma sunayensu, da baitocin da suka rera, da labarin malamansu da almajiransu, duk suna nan a rubuce, kowane da sunan wanda ya ruwaito shi.