Umar Mukhtar, Malamin da Majigi Ya Nuna Rabin Tarihinsa

Yau filin namu zai waiwayi tarihin wani bawan Allah wanda da yawa daga cikinmu ba a littafi suka fara saninsa ba, a majigi suka gan shi: dattijo mai farin gemu da tabarau, bisa doki, yana fafatawa da tankokin yaƙin Italiya. Watau Umar Mukhtar na ƙasar Libiya. Majigin ya kyauta, amma ya ɗauko labarin ne daga shekarar 1929, sa'ad da mutumin ya riga ya kai shekara 70 ko kusa da haka. Abin da ya gina shi yana can baya.

An haife shi wajen shekarar 1858 a yankin Barƙa, gabashin Libiya, kusa da garin Tubruk, cikin ƙabilar Minifa. Mahaifinsa ya rasu a hanyar hajji, ya bar shi maraya. Malaman ɗariƙar Sanusiyya suka riƙe shi, ya yi karatu a zawiyar Janzur, sa'an nan ya wuce Jagabub, babbar makarantar ɗariƙar, inda ya shekara 8 yana karatun Alƙur'ani da fiƙihu.

Ya kamata mai karatu ya san mene ne zawiya a wannan ƙasa, domin nan sirrin yake. Ba wurin zikiri kaɗai ba ce. Makaranta ce, masauƙin fatake ce, rumbun zakka ce, kuma nan ƙabilun makiyaya ke kawo rigimarsu ta rijiya da ta jini a sasanta su. Shehin zawiya ya san kowane gida, ya san wanda ke da raƙuma da wanda ba shi da ko akuya. Wannan aiki aka ba Umar a zawiyar Ƙusur, a kan tsaunukan Jabalul Akhdar, tsakanin mutanen Abid waɗanda aka sani da taurin kai. Da shugaban ɗariƙar, Sayyid Muhammadul Mahdi, ya ƙaura kudu zuwa arewacin Chadi a 1899, Umar ya riƙe zawiyar Ain Kalak a can, ya kuma ɗanɗana yaƙi da Faransawa. Sunan Sanusiyya ba baƙo ba ne a wannan nahiya tamu, gama Kawusan, wanda ya kewaye Faransawa a Agadas a 1916, ɗan ɗariƙar ne. Bayan rasuwar Sayyid Mahdi a 1902 sai Umar ya koma Ƙusur.

A watan Oktoba na 1911 Italiya ta auka wa Libiya, wadda a lokacin tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa. Shekara na zagayowa Turkawa suka yi sulhu suka janye, aka bar mutanen ƙasa da dawakinsu. An yi ta yaƙi ana sulhu har Musolini ya hau mulki a 1922, ya warware alkawuran da aka yi da Sanusiyya. Sayyid Idris, shugaban ɗariƙar a lokacin, ya tafi Masar. Daga 1923 sai ragamar yaƙin Barƙa ta koma hannun malamin Ƙusur.

To, a nan ne hikimarsa ta bayyana. Ya gane cewa wanda ba shi da igwa da jirgin sama bai kamata ya ja daga a fili ba. Sai ya rarraba mayaƙansa sansani-sansani bisa ƙabilu, kowane sansani da kwamandansa da alƙalinsa, shi kuwa yana bisa dukansu. Yawansu a lokaci guda da wuya ya wuce 2,000, amma ba sa ƙarewa, domin in mutum ya faɗi, danginsa za su aiko da wani a madadinsa. Su kai farmaki ga ayarin motoci ko ƙaramin barikin soja, kafin gudummawa ta iso sun ɓace cikin kwazazzabai da kogunan dutse. A Rahiba, cikin Maris na 1927, sun kashe sojan Italiya fiye da 300. Abinci da harsashi kuwa daga ina? Daga zakka da ushira da makiyaya ke bayarwa, har waɗanda suka yi wa Italiya mubaya'a a zahiri, da kuma fataucin dabbobi zuwa Masar. Da rana Bature ke mulki, da dare hukuncin Umar ke gudana. A ganina wannan duk tsarin zawiya ne aka ɗora wa sirdi: mai tara zakka jiya shi ne mai tara guzurin yaƙi yau, mai sasanta ƙabilu shi ne ya hana su watsewa.

An yi zaman sulhu a Sidi Rahuma a tsakiyar 1929, bai ɗore ba. A Maris na 1930 aka turo Janar Garaziyani. Shi da gwamnansa Badoliyo sun fahimci abin da na gabansu suka kasa fahimta, cewa ƙarfin dattijon ba a bindigarsa yake ba, a cikin jama'a yake. Saboda haka jama'ar suka nufa. Aka rufe zawiyoyi, aka ƙwace dukiyarsu. Aka kwashe makiyaya wajen 100,000, maza da mata da yara, aka kora su a ƙasa zuwa sansanonin tsaro irin su Suluƙ da Magarun da Agila, inda yunwa da cuta suka kashe dubun dubata, garkunansu kuma suka halaka. A Janairun 1931 aka ci Kufra, mafakar ɗariƙar ta ƙarshe a hamada. Sa'an nan aka ja waya mai ƙaya a kan iyakar Masar, daga bakin teku har Jagabub, tsawon kilomita 270, jirage da motoci na sintiri a kanta. Har iskar guba sun jefa daga sama, alhali kuwa Italiya ta sa hannu a yarjejeniyar Janeba ta 1925 wadda ta haramta ta. Masana dabarun yaƙi har yau suna nazarin wannan: an ci nasara kan mayaƙan sunƙuru, amma ta hanyar kashe ƙasar da ake cewa an zo raya ta.

Ranar 11 ga Satumba 1931, kusa da Sulunta, aka harbe dokinsa, ya faɗi da rauni, aka kama shi. Ranar 15 aka gurfanar da shi a Bangazi. Bai yi musun kome ba, ya ɗauki alhakin yaƙin duka a wuyansa. Wani hafsan Italiya da aka ba aikin kare shi ya nemi a ɗauke shi fursunan yaƙi, ba ɗan tawaye ba, gama bai taɓa miƙa wuya ga Italiya ba balle a ce ya ci amana. Ba a saurare shi ba, har ma aka hore shi. Kashegari aka rataye Umar Mukhtar a sansanin Suluƙ, a gaban mutanensa wajen 20,000 da aka tara dole su kalla. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. A Janairun 1932 Badoliyo ya yi shelar cewa yaƙi ya ƙare.

Wani abin mamaki, shi malamin bai bar mana littafin tarihin kansa ba. Mai littafi shi ne Garaziyani, wanda ya buga labarin cin Barƙa a 1932 don ya yi alfahari, sai ga shi ya zama shaida a kansa. Shauƙi, sarkin mawaƙan Masar, ya yi wa marigayin waƙar ta'aziyya. Amma abin da ya kai sunansa gidajen da ba a karanta Larabci shi ne majigin Zakin Hamada na 1981, wanda Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Siriya, ya shirya. Shi ne dai ya yi majigin tarihin farkon Musulunci a 1976, kuma Antoni Kwin, wanda ya fito a matsayin Sayyidina Hamza a wancan, shi ya fito a matsayin Umar a wannan. Gwamnatin Gaddafi ta kashe wajen dala miliyan 35, abin da aka samu a gidajen sinima bai kai ko kusa ba. Gaskiya ne an nuna shi yana karantar da yara a farko, an kuma nuna sansanonin ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Sai dai ɗariƙar da ta yi renonsa kusan ba a ji ɗuriyarta, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da mai biyan kuɗin shi ne ya hamɓarar da Sarki Idris, jikan wanda ya kafa Sanusiyya, a 1969.

A Italiya an hana nuna majigin a 1982, wai yana zubar da mutuncin soja. A 2008 Italiya ta nemi afuwa a Bangazi, ta yi alkawarin biyan dala biliyan 5. A Yunin 2009 Gaddafi ya sauka a Roma da hoton Umar Mukhtar cikin sarƙa maƙale a ƙirjinsa, kuma a cikin wannan mako ne wata tashar talabijin ta ƙasar ta nuna majigin a karo na farko. Akkad bai ga wannan rana ba, domin bom ɗin da aka tayar a wani otal a Amman cikin Nuwamban 2005 ya yi ajalinsa, shi da 'yarsa.