Harry Ferguson

Henry George Ferguson, wanda aka fi sani da Harry Ferguson (an haife shi ranar 4 ga watan Nuwamba, 1884, ya mutu ranar 25 ga watan Oktoba, 1960), makanike ne, mai ƙirƙira kuma ɗan kasuwa daga arewacin tsibirin Ailan. Shi ne ya fito da tsarin ɗaura garma a bayan tarakta da ƙarafa uku, tsarin da galibin taraktocin duniya ke amfani da shi har yau. Shi ne kuma mutum na farko a Ailan da ya ƙera jirgin sama da hannunsa ya tashi da shi. Sunansa ne rabin sunan kamfanin Massey Ferguson.

Farkon rayuwa

An haifi Ferguson a Growell, kusa da garin Dromore a gundumar Down. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya goma sha ɗaya na wani manomi mai suna James Ferguson, mutum mai tsananin riƙo da addinin Kirista. Ya bar makaranta yana da shekara 14 ya koma gonar mahaifinsa, inda ake huɗa da dawakai. Bai taɓa son wannan aiki ba, kuma ba shi da jikin yinsa, domin ɗan ƙaramin mutum ne siriri.

A shekarar 1902 ya tafi Belfast wajen yayansa Joe, wanda ke da garejin gyaran kekuna da motoci. Da rana yana gareji, da dare yana zuwa kwalejin koyon sana'a ta birnin. Ya kuma shiga tseren babura domin ya tallata garejin. Daga nan hankalinsa ya koma kan jirgin sama, wanda a lokacin sabon abu ne. Ya ƙera nasa, ya tashi da shi a Hillsborough ranar 31 ga Disamba, 1909, tafiyar da ba ta wuce yadi 130 ba. A shekarar 1910 ya ci kyautar fam 100 a garin Newcastle na gundumar Down saboda tafiyar mil uku a sama. Yayan bai ga ribar wannan wasa da rai ba, suka rabu, Harry ya buɗe nasa garejin a 1911 da sunan May Street Motors, wanda daga baya ya zama Harry Ferguson Limited. Ya auri Maureen Watson a 1913, suka haifi 'ya mace ɗaya.

Matsalar garma

A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya jiragen Jamus na ƙarƙashin ruwa suna nutsar da jiragen da ke kawo wa Birtaniya abinci, dole ta sa aka ƙara noma a gida. Ferguson yana sayar da wata tarakta 'yar Amurka mai suna Overtime, saboda haka a 1917 hukumar aikin gona ta Ailan ta ɗora masa duba yadda manoma ke aiki da taraktoci. Ya zaga ƙasar tare da ma'aikacinsa Willie Sands, wanda ya zama na hannun damansa na shekaru masu yawa.

Abin da suka gani shi ne an cire doki ne kawai an sa inji a gurbinsa. Garmar tana nan da tayoyinta da nauyinta, an ɗaure ta a baya ana ja. Kalmar tarakta ma asalinta daga wata kalmar Latin ce mai ma'anar ja, kuma a wancan zamani ja ɗin ne kaɗai aikinta. Domin tayoyi su kama ƙasa sai an yi tarakta mai nauyi sosai, nauyin kuma yana cin ƙarfe wajen ƙira, yana shan mai, yana danƙare ƙasar gona. Ga kuma haɗari. Idan bakin garma ya kama dutse ko saiwar itace, tayoyin baya sai su tsaya alhali inji bai mutu ba. Ƙarfin da ya kasa juya tayoyin sai ya juya jikin taraktar: gabanta ya ɗaga sama, ta kife ta baya a kan direba kafin ya taka kuloci. Taraktar Fordson, wadda ta fi kowace yaɗuwa a lokacin, ta yi ƙaurin suna da wannan, kuma an rasa rayuka.

Ferguson ya yanke shawarar cewa garma da tarakta su zama jiki ɗaya. Garmarsa ta farko, ta 1917, mara tayoyi ce, an yi ta ne domin motar Ford ƙirar T da aka mayar tarakta. Bayanta ya yi wata ta Fordson mai maɗauri biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A 1925 ya haɗa kai da 'yan'uwan nan Eber da George Sherman suka riƙa ƙera ta a Evansville da ke jihar Indiana ta Amurka, har zuwa lokacin da Ford ya daina yin Fordson a Amurka a 1928. A 1926 ne ya sami takardar mallakar ƙirƙirar da ta fi muhimmanci a rayuwarsa, ta dabarar da ke daidaita zurfin huɗa da kanta.

Yadda tsarin yake aiki

A cikakken tsarin, ƙarafa biyu na ƙasa su ne ke jan garmar, na uku yana sama a tsakiya. Idan ƙasa ta turje wa bakin garma, garmar takan nemi tuntsurawa gaba, sai ta tura ƙarfen sama. Turin yana shiga jikin taraktar a saman tayoyin baya ya danne gabanta ƙasa. Wato turjiyar da a da take ɗaga gaban tarakta ita ce yanzu take danne shi. Nauyin garmar da na ƙasar da ta ɗauko kuma yana sauka a kan tayoyin baya, sai su kama ƙasa ba tare da an loda wa taraktar ƙarfe ba.

A ƙarshen ƙarfen sama akwai sifirin mai ƙarfi. Idan turi ya yi yawa sifirin zai matse, ya motsa bawul, famfo ya tura mai cikin silinda, garma ta ɗan ɗago. Idan ƙasa ta yi laushi sai ta sake sauka. Direba yana zaune a kujerarsa, da ɗan hannu guda yake zaɓar zurfin da yake so, da shi kuma yake ɗaga garmar gaba ɗaya idan ya kai bakin gona.

Akwai wata dabarar da ba a cika ambata ba. Ƙarafan ƙasan nan biyu ba a jere suke sak ba, sun ɗan tsuke ta gaba, ta yadda da za a ja layinsu za su haɗu a kusa da aksul ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba. Saboda haka garmar tana bin sitiyari kamar daga can gaba aka ɗaure ta.

Ferguson bai yi wannan aiki shi kaɗai ba. Sands da Archie Greer, daga baya kuma John Chambers, su ne suka yi yawancin zane da gwaji. Nasa shi ne hangen abin da ake nema, da naci, da iya talla.

David Brown da Henry Ford

Babu kamfanin da ya yarda ya ƙera tarakta a kan wannan tsari, sai Ferguson da mutanensa suka haɗa tasu a Belfast a 1933. Baƙin fenti aka yi mata, shi ya sa ake kiranta Baƙar Tarakta, kuma daga baya ta shiga hannun gidan tarihin kimiyya na Landan. David Brown, mai masana'antar giya-giyan inji a Huddersfield ta Ingila, ya karɓi ƙirar, aka fara fitar da Ferguson-Brown a 1936. Kasuwa ba ta yi kyau ba. Ta fi Fordson tsada sosai, kuma duk wanda ya saye ta sai ya sake sayen sababbin kayan aiki, domin tsohuwar garmarsa ba za ta ɗauru ba. Kimanin 1,350 kawai aka ƙera. Brown yana son a ƙara mata girma da ƙarfi, Ferguson ya ƙi, suka raba gari a 1939.

Tun kafin rabuwar ta tabbata, a watan Oktoba na 1938, Ferguson ya ɗauki tarakta ɗaya da garmarta ya kai gidan Henry Ford da ke Dearborn a jihar Michigan, ya yi huɗa a gabansa. Ford ya nemi sayen takardun mallakar, Ferguson ya ce ba na sayarwa ba ne. Sai suka shirya a kan cewa Ford zai ƙera, Ferguson zai sayar kuma shi ke da ta cewa a kan ƙira, kowannensu kuma yana iya janyewa duk lokacin da ya so. Musafaha kawai suka yi, ba a rubuta komai ba.

Taraktar da ta fito daga wannan shiri ita ce 9N, wadda aka nuna a watan Yuni na 1939 a kan farashin dala 585. Ita da ƙanwarta 2N an ƙera fiye da 300,000 zuwa 1947. Aksul ɗinta na gaba gida uku ne da ake haɗawa da noti, ana iya buɗa tazarar tayoyin daga inci 48 zuwa 76 domin su bi tsakanin kunyoyi, ba tare da an sake saita sitiyari ba. Ba giya a cikinsa, ba mai, tayoyin baya ne kaɗai ke ja. Ƙananan taraktocin yau da ke ja da tayoyi huɗu sun bambanta a nan: aksul ɗinsu na gaba rufaffen gida ne mai giya da mai a ciki, idan ya yi zafi iskar ciki takan kumbura, in ba ta sami 'yar kafar numfashi ba sai ta matsa wa robar da ke tare man har ya fara yoyo. Amma abin da ke bayansu, ƙarafan nan uku, na Ferguson ne.

Shari'a da kamfanin Ford

Musafaha tana da ƙarfi ne muddin waɗanda suka yi ta suna kan kujera. A 1945 jikan Ford, Henry Ford na Biyu, ya karɓi ragamar kamfanin, ya tarar da shi yana asara. A ganinsa kamfanin na ƙera tarakta ne wani yana kwashe ribar sayarwa. A 1946 ya sanar da cewa shirin zai ƙare a tsakiyar 1947. Ford ya fito da 8N mai ɗauke da tsari irin na Ferguson, ya kuma kafa nasa kamfanin sayarwa, Dearborn Motors. Dillalai da yawa suka koma can, aka bar kamfanin Ferguson na Amurka ba abin sayarwa.

A watan Janairu na 1948 Ferguson ya kai ƙara yana neman diyyar dala miliyan 251, bisa zargin an yi amfani da ƙirƙirarsa ba izini kuma an rusa masa kasuwanci. Shari'ar ta ɗauki fiye da shekara huɗu. A watan Afrilu na 1952 aka sasanta a kan dala miliyan 9.25, Ford ya kuma yarda ya daina amfani da wani ɓangare na tsarin famfon. Kuɗin lauyoyi ya cinye kaso mai tsoka. Sasantawar ta shafi takardun mallaka ne kawai, ba a biya shi komai a kan rushewar kasuwancin ba, wanda shi ne mafi girman abin da ya nema.

TE20 da Massey-Harris

Kamfanin Ford na Ingila bai taɓa yarda ya ƙera taraktar ba, don haka Ferguson ya shirya da Sir John Black na kamfanin motoci na Standard, wanda ke da masana'antar da ta yi injinan jiragen yaƙi a Banner Lane da ke Coventry. TE20 ta farko ta fito ranar 6 ga Yuli, 1946. Harafin T na tarakta ne, E kuma na sunan Ingila a Turance. 'Yar ƙarama ce mai ruwan toka, nauyinta tan ɗaya da 'yan kai. Zuwa 1956 an ƙera 517,651, aka fitar da da yawa zuwa ƙasashen waje. Wannan ce ta cece shi lokacin rikicinsa da Ford, domin da ita ya riƙe kasuwar Amurka kafin ya buɗe tasa masana'antar a Detroit a 1948.

A 1953 ya haɗe kamfaninsa da Massey-Harris na Kanada, aka sami Massey-Harris-Ferguson, shi ne shugaba. Zaman bai yi nisa ba. Saɓani a kan ƙira da farashi ya sa ya ajiye muƙamin a 1954 ya sayar da hannun jarinsa. A 1958 aka taƙaita sunan zuwa Massey Ferguson, sunan da manoman arewacin Najeriya suka sani a jikin jajayen taraktoci. Da yayansa, da Brown, da gidan Ford, da Massey-Harris, duk da rigima aka rabu, kuma ba duka laifin ne na ɗaya ɓangaren ba: Ferguson mutum ne da ba ya yarda a taɓa ƙirarsa ko kaɗan.

Yana da ra'ayin tattalin arziki da ya riƙa yaɗawa har ƙarshen rayuwarsa, cewa tarakta mai araha za ta saukar da farashin abinci, domin filin da ake nome wa dawakai abinci zai koma ciyar da mutane.

Shekarun ƙarshe da mutuwa

Bayan ya bar harkar tarakta ya mai da hankali kan motoci masu ja da tayoyi huɗu, ta hannun kamfanin bincike na Harry Ferguson Research da ya kafa a 1950 tare da direbobin tsere Tony Rolt da Freddie Dixon. Babu babban kamfanin mota da ya karɓi tsarin yana raye. Motarsu ta tsere, P99, ta ci gasar Oulton Park a 1961 a hannun Stirling Moss, sannan tsarin ya shiga motar Jensen FF a 1966.

Ferguson ya sha fama da ciwon damuwa a ƙarshen rayuwarsa. Ya mutu a gidansa na Abbotswood da ke Stow-on-the-Wold a Ingila ranar 25 ga Oktoba, 1960, yana da shekara 75, sakamakon shan maganin barci fiye da kima. Kotun binciken mutuwa ba ta yanke ko kuskure ne ko ganganci ba.

Tunawa

A garin Wentworth na Ostireliya akwai abin tunawa da aka gina wa TE20, domin da ita aka tayar da ganuwar ƙasar da ta tare garin daga ambaliyar 1956. Ranar 4 ga Janairu, 1958, Sir Edmund Hillary ya isa ƙuryar kudancin duniya da taraktocin Ferguson uku, motoci na farko da suka kai wurin ta ƙasa. A Ailan ta Arewa an sa hotonsa a takardar fam 20 ta Northern Bank, an kuma yi lambun tunawa mai ɗauke da mutum-mutuminsa a Growell, daura da gidan da aka haife shi.