Wes Montgomery, Mai Walda Da Ya Zama Gwanin Jita

Yau muna kawo wa ma'aikatanmu na Bompai da Sharada labarin wani ɗan'uwansu Baƙar Fatan Amurka. An haifi Wes Montgomery a Indianapolis cikin 1923. Da kunne ya koyi kiɗan jaz, yana bin faya-fayan Charlie Christian. Da rana yana walda don ciyar da iyali, da dare yana kaɗa jita. Gudun damun maƙwabta ya sa ya riƙa taɓa tsirkiya da babban yatsa, har wannan ya zama tambarinsa. A 1959 suka cika faifai su uku, shi da Melvin Rhyne mai ogan da Paul Parker mai ganga, daga nan sunansa ya fita. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a 1968, yana da shekara 45.