Tarihin Ken Miles, makaniken da ya mayar da Mustang motar tsere

Matasa da dama sun san sunan Ken Miles ne ta fim ɗin Ford v Ferrari na 2019, wanda Christian Bale ya fito a matsayinsa. Amma a wajen masana mota, ana kuma tuna shi da aikin hannunsa a kan Shelby GT350, samfurin Ford Mustang mai gudu da har yau ake rububinsa.

An haife shi ranar 1 ga Nuwamban 1918 a Sutton Coldfield, kusa da Birmingham a Ingila. Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta ya shiga koyon aiki a kamfanin motoci na Wolseley. Bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi ƙaura zuwa Kalifoniya a Amurka a farkon shekarun 1950, inda ya samu aiki wajen dillalin motocin MG. A 1953 ya ci tsere 14 a jere da motar da ya harhaɗa da kansa.

Wannan baiwa ta iya tuƙi da iya gyara ce ta sa Carroll Shelby, tsohon direban tsere da ya koma ƙera motoci, ya ɗauke shi babban mai gwada motocinsa.

Yadda GT350 ta samu

Ford ya fito da Mustang a watan Afrilun 1964. An gina ta ne a kan ƙashin Falcon, wata ƙaramar motar iyali mai araha. Ta yi kasuwa sosai, sai dai masu tsere ba su ɗauke ta da muhimmanci ba, don haka kamfanin ya miƙa wa Shelby aikin sauya ta.

Miles na cikin waɗanda suka yi ta gwada motar a fili suna gyarawa. An ƙara wa injinta mai silinda takwas da girman lita 4.7 ƙarfi, daga doki 271 zuwa 306. An cire kujerar baya domin ta cika sharaɗin tseren motoci masu kujera biyu, an ƙarfafa birki, aka kuma gyara ƙafafunta don ta riƙe hanya a kwana.

Ranar 14 ga Fabrairun 1965 Miles ya shiga da samfurin tsere, GT350R, filin Green Valley a jihar Texas, ya kuma yi nasara. GT350 ta riƙe kambun ajinta a Amurka shekara uku a jere, daga 1965 zuwa 1967. A 1967 ne aka fito da babbar 'yar'uwarta GT500 mai injin lita 7. Ita kuwa motar da Miles ya tuƙa a Texas, a 2020 an yi gwanjonta a kan dala miliyan 3.85.

Nasarar da ta suɓuce

Shekarar 1966 ta zo masa da sa'a. Shi da Lloyd Ruby suka ci tseren awa 24 na Daytona da na awa 12 na Sebring a cikin Ford GT40. Saura Le Mans ta Faransa, inda Ferrari ya ci shekara shida a jere.

Miles da abokin tuƙinsa Denny Hulme ne ke kan gaba a awannin ƙarshe. Sai shugabannin Ford suka bukaci motocinsu su ƙetare layi tare, domin a ɗauki hoton da zai tallata kamfanin. Miles ya rage gudu ya jira. Masu shirya gasar kuma suka ba Bruce McLaren da Chris Amon nasara, tunda motarsu ta taso ne daga baya a layin farawa, wato ta fi cin nisa da 'yan mitoci. Da haka ya rasa damar cin manyan tseren uku a shekara guda, saboda bin umarnin waɗanda yake yi wa aiki.

Wata biyu bayan nan, ranar 17 ga Agustan 1966, yana gwada sabuwar motar Ford da ake kira J-car a filin Riverside na Kalifoniya, motar ta ƙwace ta kife ta kama da wuta. Nan take ya mutu, yana da shekara 47, ya bar mata da ɗa ɗaya.

Hatsarin ya sa Ford ya sake fasalin motar, ya sanya mata ƙarafan kariya a zagayen direba. Ita ce ta zama Mk IV, wadda Dan Gurney da A.J. Foyt suka ci Le Mans da ita a 1967. A 2001 aka sanya sunan Miles cikin jerin gwarzayen tseren motoci na Amurka.