Joseph Hooker: likitan jirgin da ya gano abin da ke rina ƙanƙarar Antaktika

A watan Janairun 1841 wasu jiragen ruwan katako guda biyu na rundunar sojin ruwan Birtaniya, Erebus da Terror, suka kutsa cikin daskararriyar ƙanƙarar da ta yi wa nahiyar Antaktika zobe. Bayan kwanaki suna fama suka ɓulla wani buɗaɗɗen teku wanda yau ake kira Tekun Ross. Abin da ya kai su shi ne binciken maganaɗisun duniya. Amma akwai wani abu da duk wanda ya leƙa daga gefen jirgi yake gani: ƙanƙarar da ake sa ran gani fara sol, a wurare da dama ta rine da wani launi mai kama da ruwan kunu, tsakanin rawaya da ruwan ƙasa. Wasu a cikin jirgin suka ɗauka toka ce daga dutse mai aman wuta da suka gano a yankin, wanda suka raɗa wa sunan jirginsu. Mataimakin likitan Erebus, wani saurayi ɗan shekara 23, ya ɗebo ƙanƙarar ya narkar, ya sa ɗigonta a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Abin da ya gani halittu ne masu rai, dubbai, kowace a cikin ɗan ƙoƙonta mai kama da gilashi.

Sunan saurayin Joseph Dalton Hooker. An haife shi ranar 30 ga Yuni, 1817, a garin Halesworth na Ingila, ya tashi a Glasgow inda mahaifinsa William Hooker yake farfesan ilimin tsirrai. Tun yana yaro yake zama a ajin uban yana sauraron darasi tare da ɗalibai. Ya karanta likitanci ya gama a 1839, kuma a shekarar ce ya samu gurbi a tafiyar da Kyaftin James Clark Ross zai jagoranta zuwa kudancin duniya. Sanayyar mahaifinsa da manyan masana ta taimaka wajen buɗe masa ƙofar, ko da yake muƙamin da aka ba shi ƙarami ne: babban likitan jirgin, Robert McCormick, shi ke da matsayin mai nazarin halittu a hukumance. Hooker shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikin mutum 128 da suka tashi daga Ingila a ƙarshen Satumban 1839. Kafin tafiyar ya samu shafukan gwaji na littafin Charles Darwin kan tafiyarsa a jirgin Beagle, ya riƙa kwana da su a ƙarƙashin matashin kai don ya karanta da asuba.

A tsibiran da suka yada zango, irin su Kerguelen da Tasmaniya da New Zealand da Falkland, yana da tsirran da zai tara. Da suka nausa kudu sai ƙasa ta ƙare, ganye ya ɓace, mai nazarin tsirrai ya rasa abin dubawa sai ruwa. Ross, wanda shi ma yake da sha'awar halittun teku, ya ware masa wuri a teburin ɗakinsa, ya bar shi yana jefa raga a bayan jirgi yana zana abin da ta kamo. A nan ne ya saba da waɗannan ƙananan halittu da masana ke kira dayatom.

Dayatom tsiro ne mai ƙwayar halitta ɗaya tak, dangin gansakukar ruwa, wanda ido ba ya iya gani sai ya taru da yawa. Yana gina wa kansa ƙoƙo biyu masu rufe juna kamar akushi da marfinsa, daga silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Idan ya mutu ƙoƙon ba ya ruɓewa, sai ya nutse ya taru a ƙasa. Mutumin arewacin Najeriya ya san wannan halitta ko da bai san sunanta ba. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon babban Tafkin Chadi ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, shimfiɗe yake da farin garin ƙoƙon dayatom, kuma daga can iska ke kwaso wani babban kaso na ƙurar da ke rufe Maiduguri da Kano lokacin hunturu.

Hooker ya same su ko'ina: a cikin ƙanƙara, a saman ruwa, a cikin tumbin ƙananan dabbobin teku, da cikin lakar da ake jawowa daga ƙasan teku, inda ya lura cewa ƙoƙonsu ya taru ya yi shimfiɗa mai tsawon ɗaruruwan mil a gaban katangar ƙanƙarar da ta tare wa jiragen hanya. An aika da samfuran zuwa Berlin wurin Christian Gottfried Ehrenberg, gwanin zamanin kan halittun da ido ba ya gani, wanda ya bayyana nau'o'i da yawa daga cikinsu a 1844. Sai dai Ehrenberg ya ɗauke su ƙananan dabbobi ne. Hooker ya bi ra'ayin masu cewa tsirrai ne, kuma wannan bambanci shi ne gaba ɗaya maganar. Tekun kudu cike yake da manyan kifayen wel da karnukan ruwa da tsuntsayen fengwin, ga shi babu ciyawa babu itace. To me ke ciyar da su? A cikin littafinsa Flora Antarctica, wanda ya fito kashi-kashi daga 1844 zuwa 1847, da kuma takardar da ya gabatar a taron masana kimiyya a Oxford a 1847, ya amsa cewa wannan launi da ke ɓata farin ƙanƙara shi ne makiyayar tekun: ƙananan dabbobi su ci dayatom, manya su ci ƙanana. Ya ƙara da cewa suna tsarkake iska kamar yadda itatuwa ke yi a kan tudu.

Ya faɗi haka ne shekara arba'in kafin Bajamushe Victor Hensen ya ƙirƙiro kalmar filankton a 1887 don halittun da igiyar ruwa ke yawo da su. Shi kansa launin da ya ja hankalinsa sai daga baya aka san sirrinsa. Dayatom yana da koren sinadarin kulorofil kamar kowane ganye, amma wani sinadari mai ruwan zinariya da ake kira fukozantin yana rufe koren. Aikinsa shi ne kamo hasken shuɗi da kore, irin wanda ke iya ratsa ruwa da ƙanƙara ya kai ƙasa bayan jan haske ya ɓace. Ba a ware shi a ɗakin gwaji ba sai 1914, shekara uku bayan mutuwar Hooker. A yau masu bincike a tekunan kudu da arewa suna tace ruwa su raba sinadaran launin ɗaya bayan ɗaya, domin kowane dangin filankton yana da nasa tambarin launi, kuma tun 1978 taurarin ɗan Adam ke auna launin teku daga sama. Lissafin da aka samu daga nan ya nuna cewa kusan rabin aikin mayar da hasken rana abinci a duniya a teku ake yin sa, kuma dayatom na cikin manyan masu yin sa.

Tafiyar ta ɗauki shekara huɗu. A Fabrairun 1842 sun wuce digiri 78 kudu, inda babu wanda ya taɓa kaiwa, sannan a watan Maris jiragen biyu suka yi karo da juna cikin dare a tsakanin duwatsun ƙanƙara, saura ƙiris su nutse. Sun dawo Ingila a Satumban 1843. Bayan shekara biyu aka tura jiragen nan biyu tekun arewa ƙarƙashin John Franklin, suka ɓace da dukkan mutanensu. Tarin dabbobin teku da Ross ya riƙe a gidansa da niyyar nazari kuwa bai taɓa rubuta komai a kai ba, har ya lalace. Da rabon Hooker ya bi wannan hanya, da labarin dayatom ɗin ya jira wasu shekaru.

Sauran rayuwarsa a kan tudu ya yi ta, kuma a nan ne tarihinsa ya shiga na daular Birtaniya. Darwin ya zaɓe shi a Janairun 1844 ya fara gaya masa asirinsa cewa jinsunan halitta suna canzawa, kuma shi da Charles Lyell ne suka shirya karanta takardun Darwin da na Alfred Russel Wallace tare a 1858. Shi da George Bentham suka tsara tsirran da aka tara a tafiyar Kogin Kwara ta 1841 a littafin Niger Flora na 1849. A shekarar ta 1849 yana tsaunukan Himalaya, inda ya ƙetara iyakar Tibet duk da hanin da aka yi masa, hukumomin masarautar Sikkim suka tsare shi da abokin tafiyarsa Archibald Campbell. An sake su bayan makonni, amma Birtaniya ta fake da wannan ta ƙwace wani yanki na ƙasar Sikkim mai albarka. Neman furanni ya jawo wa wata ƙaramar masarauta asarar ƙasa.

Ya gaji mahaifinsa a shugabancin Lambun Kew a 1865, ya riƙe shekara ashirin. A ƙarƙashinsa lambun ya zama mahaɗar da ake kawo iri daga wata nahiya a raina shi a tura wata, gwargwadon buƙatar kasuwar daula. A 1876 Henry Wickham ya kawo ƙwayoyin itacen roba kusan 70,000 daga Burazil. Kaɗan ne suka tsira, dubu biyu da ɗoriya, amma daga cikinsu aka aika Silon da Singafo, kuma cikin shekara arba'in gonakin Asiya suka durƙusar da cinikin robar Amazon. Masu kare shi suna cewa babu dokar da aka karya a lokacin. Gaskiya ne, sai dai waɗanda suka yi asarar ba a tambaye su ba. A tsibirin Ascension ma, shawarar da ya bayar ta dasa baƙin itatuwa a kan dutse ta samar da daji da danshi, ta kuma danne tsirran asali na wurin, abin da shi kansa ya nuna damuwa a kai daga baya.

Bai sake komawa Antaktika ba, amma bai rabu da ita ba. Yana da shekara tamanin da ɗoriya lokacin da Robert Falcon Scott ke shirin tafiyarsa ta 1901, kuma shi ya ba da shawarar a tafi da balan-balan don a hangi abin da ke bayan katangar ƙanƙarar da ta tsayar da Ross. Scott ya hau shi a Fabrairun 1902.

Tekun da ya ɗebi samfuransa yanzu yanki ne mai kariya, bayan yarjejeniyar da ƙasashe suka cimma a 2016 kan faɗin ruwa kimanin murabba'in kilomita miliyan 1.55. A wasu sassan tekun kudu kuwa manyan jirage na kamun kiril, ƙananan jatan landen da ke kiwo a kan dayatom ɗin da ke manne a ƙarƙashin ƙanƙara, ana mayar da su abincin kifin gona da ƙwayoyin ƙarin lafiya. A 2023 ƙanƙarar tekun Antaktika ta ragu zuwa matakin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara auna ta daga sama.

Hooker ya rasu a gidansa da ke Sunningdale ranar 10 ga Disamba, 1911, yana da shekara 94. An yi tayin binne shi a Westminster Abbey kusa da Darwin bisa sharaɗin a ƙone gawar, matarsa Hyacinth ta ƙi, aka binne shi a Kew kusa da mahaifinsa. Kwana huɗu bayan rasuwarsa Roald Amundsen ya isa tsakiyar ƙarshen kudancin duniya, bayan ya taso daga kan wannan katangar ƙanƙara da Hooker ya fara gani shekara saba'in kafin nan.